Fitilar da Ta Riƙa Ƙiftawa a Hanyar Kajiji

Tun da muka dawo da yarinyar nan daga wajen Kajiji ban huta da tambaya ba. A ajinmu na yaƙi da jahilci an tambaye ni, a gidan biki an tambaye ni. Wata ta ce ta ji motar ta kama da wuta, wata ta ce ruwa ne ya tafi da mu. Babu ɗaya daga ciki. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya kasance, wadda ta karanta ta ba ta kusa da ita, ni ma bakina ya huta.

Yarinyar ita ce ɗiyata ta fari. Kun san sunanta, ni dai ba na faɗa, ba kuma zan rubuta ba. Tana aure a wata tunga bayan Kajiji, gidan masu noma da shanu. Ciki ne na fari, kuma dama an shirya za ta zo gida goyon ciki idan wata ya kama. Sai ga saƙo tun kafin lokacin, cewa ƙafafunta sun kumbura, fuska ma ta tashi, ga ciwon kai. Malamar asibitin da ke zagaya ƙauyukansu ta ce kada a bari ta haihu nesa da asibiti, kuma kada a ja lokaci.

Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa Malam, maigidana, ya faɗa mini. Na ce to, Allah ya sawwaƙe. Ban ƙara ko kalma ba, don ba a san uwa da rawar jiki kan ɗan fari ba. Amma har aka kira la'asar ina kan tsintar wuri ɗaya a faifan.

Goggonta ce ya kamata ta je ɗauko ta, to ita ma tana kwance. Malam ya ce ni zan je, ƙanensa Sahabi ya kai ni. Sahabi ɗan kasuwar albasa ne, yana da wata tsohuwar mota da yake ji da ita kamar amarya. Ƙanen miji ne, kun san abin da ke tsakaninmu, ba ya ganina ya ƙyale.

Washegari da rana ta kusa tsaka ya tsaya ƙofar gida yana ta danna oda.

“Uwargida, hito mu tahi! Ko sai an kawo miki jirgi?”

Na ce, “Jirgin ma ai ya fi wagga akwalar taka tsabta.”

Gaskiya na faɗa. Motar duk taɓo ce da ɓawon albasa. Ya ba ni gaba, na zauna na rungume kwandon goron da za mu kai wa surukai. Da ya tayar sai na ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a allon da ke bayan sitiyari, mai siffa kamar ƙaramar tukunya da hannu. Sauran fitilun duk suka mutu, ita ta tsaya. Na tambaye shi.

Ya ce, “Wagga? Cek inji sunanta. Tun ran da nis sayi motar take kunne. Abokiyar tahiya ce, ba ta cin kowa.”

Daga Bodinga zuwa Shagari kwalta ce, ba wata wahala. Gero ya yi tsawo dama da hagu har ya rufe masu noma. A wani shinge jami'i ya leƙo ya tambayi inda za mu. Sahabi ya ce ɗauko mai ciki za mu yi. Mutumin ya cire hannunsa daga jikin motar ya ce Allah ya raba lafiya, ya kuma karɓi goro ɗaya da na miƙa masa da hannu biyu. A Shagari muka yi sallar azahar, Sahabi ya sayo soyayyen kifi ya cinye rabi kafin ya tuna da ni. Da muka kusa Kajiji ya sayi fetur na galan a bakin hanya, ya ce can ciki ba gidan mai.

Daga nan muka bar kwalta. Hanyar ta mashin ce da amalanke, mota sai dai ta lallaɓa. Akwai wani mashigi da ƙorama ta ratsa hanya, yashi ne da ɗan ruwa iya idon sawu. Wani dattijo mai shayar da jakinsa ya ce mana mu lura da shi. In aka yi ruwa can sama, mashigin yakan cika ya kai ƙirjin mutum, kuma mota ba ta ƙetarawa sai ya janye, wani lokaci a kwana a wuni ana jira. Sahabi ya yi masa godiya. Ni kuwa na riƙe maganar a zuciyata.

Mutanen tungar nan sun san karɓar baƙo. Uwar mijinta, Inna Hajo, ta tarye ni tun daga bakin shinge. Muka durƙusa muka gaisa, muka miƙe, muka sake durƙusawa. A nan Bodinga gaisuwa takan ƙare in an tambayi gida da yara da gajiya. Su can sai an bi ta kan shanu da ruwa da ciyawa da mutanen da aka baro da waɗanda aka gamu da su a hanya. Aka kawo fura da kindirmo mai kauri wanda ludayi ke tsayuwa a ciki, aka ajiye, aka saki asabari, kowa ya fita. Su ba sa zama kusa da baƙo yana ci. Da farko na ɗauka wani laifi na yi. Ashe girmamawa ce, don mutum ya ci ya ƙoshi ba ido a kansa.

Surukin nawa kuwa, mijin yarinyar, ban ga fuskarsa ba. A garinmu suruki yakan zo zaure ya durƙusa ya gaishe ki, kansa a ƙasa. Shi wannan da ya ji tsayuwar mota sai ya bi ta bayan garke. Abin da na gani nasa kawai takalmansa ne da ya bari a gindin bishiya saboda sauri.

Da yarinyar ta shigo gaishe ni, na saci kallonta. Idanunta sun shige ciki, zoben hannunta ya nutse a yatsa. Na amsa gaisuwar ina kallon bango. Da ta fita sai na juya wajen Inna Hajo na ce, “Ya shanun? Suna samun ciyawa?”

Tsohuwar nan ta dube ni ta ce, “Shanu lahiya lau. Tana cin abinci kaɗan-kaɗan. Haske na ba ta wahala, kuma kan na sara mata da hantsi. Ku tahi da ita da sassahe, kada ku jira komi.”

Ita ma uwa ce, ta san abin da na tambaya.

Da maraice aka yi mana tuwon gero da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Ɗakin da aka sauke ni na Inna Hajo ne, ƙore a jere har kusa da rufi, kowace an goge ta tana sheƙi. Na kwanta ina sauraren sama ko zan ji tsawa.

Da gari ya waye muka fito, sai Sahabi ya tsaya ya riƙe baki. Motarsa ce ke walƙiya. Taɓon nan duk babu, tayoyi baƙi ƙirin, har ɓawon albasar da ya shekara a ƙarƙashin kujera an share. Ya tambayi wanda ya yi wannan aiki, kowa ya yi murmushi ya kau da kai.

Ya ce mini, “Kin gani ko, Uwargida? Akwala ta zama amarya. Yanzu sai ki nemi izini kahin ki shiga.”

Sai kaya. Buhun gero, ƙwaryar nono an ɗaure bakinta, kwalbar man shanu, zabi biyu a kwando, ga jakar yarinyar. Na ce ya yi yawa, Inna Hajo ta ce ban isa ba. Yarinyar ta shiga baya ta jingina, ni ma na koma baya na bar wa zabi gaba. Gabas ta riga ta yi baƙi, iska mai sanyi ta fara kaɗa geron.

Mun yi 'yar tafiya lafiya. Can sai na ji kujerar na rawa a ƙarƙashina. Motar ta fara shessheƙa kamar mai tarin da ya ƙi fita. Sahabi ya taka, ta ƙi ja. Warin ɗanyen fetur ya shigo, yarinyar ta toshe hanci da mayafi. Na leƙa ta kafaɗarsa, sai na ga fitilar nan da ya ce ba ta cin kowa tana ƙiftawa, ta kawo ta ɗauke, ta kawo ta ɗauke.

Na ce, “Sahabi, abokiyar tahiyarka na magana.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Ban taɓa ganin ta yi haka ba. Man galan ɗin nan na jiya ne, wallahi sun haɗa shi da wani abu. Ko kuwa kaya sunka yi mata yawa.” Ya dubi hadarin ya dubi hanya. “Bari in taka ta da ƙarhi mu ƙetare mashigi, in ya so komi ya hwaru ya hwaru.”

Na ce masa a hankali, in ta mutu a tsakiyar mashigin fa? Sai ya tsaya ya fita da waya. Wurin ba sabis, sai da ya hau kan wani suri, babbar rigarsa na tashi a iska. Wani bakanike ya kira a Shagari, Malam Attahiru, wanda ya taɓa yi masa gyara. Ya buɗe muryar wayar, ni kuma na sauke gilashi ina ji.

Abin da ya fara burge ni da mutumin nan, bai ce a kawo motar ya gani ba, bai kuma yi rantsuwa cewa ya san ciwon ba. Tambaya ya yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya.

“Kunne take tsaye, ko ƙibtawa takai?”

“Ƙibtawa.”

“Injin na rawa?”

“Kamar mai masassara.”

“Allurar zahi ta hau? Akwai wata jar hitila, ta mai ko ta batir?”

Sahabi ya sauko ya duba ya koma kan surin ya ce babu.

Malam Attahiru ya ce, “To saurara, Alhaji. In tana kunne tsaye, ƙorahi takai, ana iya kai ta gareji gobe ko jibi. In tana ƙibtawa, cewa takai a tsaya. Wani gida cikin injin ba ya kama wuta, ɗanyen mai na wucewa cikin salansa. In ka matsa mata, abin da ke tace hayaƙi a ciki zai yi ja shi ƙone, kuma kana cikin ciyawa. Da ba komi, da sai in ce kashe ta nan ka jira ni. Wa ke cikin motar?”

Sahabi ya faɗa masa, ya kuma faɗi zancen mashigin da hadarin.

Malam Attahiru ya ce, “To ba a jira nan ba. Ka tahi a hankali, ƙahwarka sama-sama bisa totur, kamar kana taka ƙwai. In ta hwara ƙibtawa ka sassauta har ta tsaya. Wajen mashigi ka sa ƙaramar giya, kada ka tsaya a ciki, kada kuma ka yi gudu. Kana hawa kwalta ka kashe ta. Ga ni nan tahe.”

Haka muka yi. Ban taɓa ganin Sahabi ya yi tuƙi bakinsa a rufe ba sai ranar. Mai jaki ya wuce mu. Fitilar ta ƙifta, ya ɗaga ƙafa, ta tsaya, ya sake takawa kaɗan. Yarinyar ta rufe ido ta dafe goshi. Ina so in tambaye ta, bakina ya ƙi. Sai na ce, “Sahabi, tambaye ta ko kan ne.”

Ya ce, “Ɗiyata, wai kan ne?”

Ta ce, “Baffa, ka ce mata da sauƙi.”

Ya ce, “Ikon Allah. Ga ku kahwaɗa da kahwaɗa, ni da ke fama da mota ni ne ɗan aike.”

Da muka iso mashigin, ruwan ya riga ya sauya launi, ya yi ja, yana ɗauke da kara da kumfa. An yi ruwa a sama ke nan. Jiya iya idon sawu, yau ya kusa rabin taya. Sahabi ya yi bisimilla ya shiga. Motar ta yi rawa, ta yi kamar za ta ɗauke, zabin nan suka ɓarke da kuka. Ban san lokacin da na kama hannun yarinyar ba. Muka fita ɗaya gefen. Da na waiga, wani mai mashin da ke bayanmu ya tsaya yana naɗe wando, yana shawara da kansa.

Muna hawa kwalta yayyafi ya sauko. Sahabi ya kashe motar kusa da rumfar wata mai fura. Matar ta ga halin da muke ciki, ta shimfiɗa wa yarinyar tabarma a ciki, ta naɗe zanenta ta sa mata a ƙarƙashin ƙafafu. Ba ta san mu ba, ko sunanmu ba ta tambaya ba.

Ba a daɗe ba sai ga Malam Attahiru a kan mashin, ya rufe jakar kayan aikinsa da leda, shi kuwa ya jiƙe. Mutum ne siriri mai furfura kaɗan a gemu. Na zaci motar zai nufa. Sai ya zo bakin rumfa ya rage tsawo ya gaishe ni.

“Inna, ya mai jiki? Tana gani sosai? Ba ta ce idonta na yin duhu ba?”

Wannan karon ban nemi ɗan aike ba. Na tambaye ta da kaina, ta ce tana gani, kan ne dai.

Ya ce, “To ga yadda za mu yi. Motocin haya yau a cike suke wucewa, ba wurin da za ta miƙe ƙahwa. Ku ba ni ɗan lokaci. In na ga gyaran mai nisa ne, ko in jikinta ya canza ko yaya, ki yi min magana, in tsaya tsakiyar titi in tsai da mota, a sauke wasu a sa ta. Mota ba ta kai mutum ba.”

Ya buɗe gaban motar. Da yake ana yayyafi, ya ce a kare masa injin. Mai fura ta ba da wata tabarmar, ni na kama gefe ɗaya, Sahabi ɗaya, muka yi masa rumfa. Shi ya sa na ga aikin nan da idona tun daga farko har ƙarshe.

Ya fito da wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, ya soka ta ƙarƙashin sitiyari, ya duba wayarsa. Ya ce injin gida huɗu gare shi, kowane da fuloginsa mai ba da tartsatsi, da koyil a kansa mai kai masa wuta. Na'urar ta ce gida na uku ne ba ya kamawa.

Sahabi ya ce, “Ban ce ba? Man galan!”

Ya ce, “Da mai ne, Alhaji, da duk gidajen sun koka, don tukunya guda suka ci. Wanga shi kaɗai ke kuka.”

“To a canza fulogi duka mu tahi.”

“Na'ura ta hwaɗi gidan, ba ta hwaɗi ciwon ba. In na canza abin da ba shi ne ba, za ku tsaya gaba inda ba ni.”

Ya kwance ƙaramin ƙusa ya zaro koyil na ukun, wani abu dogo mai bakin roba. Ya ɗaga shi. Ruwa na ɗiga daga jikinsa. Ya haska ramin da fitilar waya, ya ce in leƙa. Ruwa ne kwance a ciki, fulogin ya nutse. Ya duba sauran, biyu a bushe, ɗaya da ɗan danshi. Ya taɓa ruwan ya shinshina, ya murza a yatsa, ya ce ba na lagireto ba ne, ba kuma na mashigi ba, don ciwon ya riga mashigin. Sai ya shafa gefen injin ya duba yatsansa.

“Injin ga ya hi tukunyar amarya tsabta. Har da ƙanshin sabulu. Wa ya yi mai wanka?”

Sahabi ya ce shi dai jikin motar ya ga an wanke. Muka dubi juna. Can daga cikin rumfa sai muryar yarinyar ta fito, ƙasa-ƙasa.

“Shi ne. Tun da asuba ya yi ta jido ruwa daga rijiya. Ya ce ba ya iya zuwa gaishe da Inna, to bari ya yi abin da zai iya. Na ji shi yana cewa har cikin ya wanke, yadda yake wa mashin ɗinsa.”

Mijinta take nufi. Sahabi ya buɗe baki, na san abin da zai fito. Na dube shi ta saman tabarmar. Ya rufe. Can ya ce, “To. Allah shi yi mai albarka. Amma da ya gaishe ki kawai da ya hi sauƙi.”

Malam Attahiru ya yi dariya har ya dafa mota. Ya ce mutanen ƙauyukan nan da mashin suka saba, a kai shi rafi a yi ta kwara masa ruwa, ya bushe a rana a hau. Mota kuwa tana da ramuka a saman inji, ruwa in ya shiga ba ya da hanyar fita. Da sanyi ba a ji komai, sai inji ya ɗau zafi wutar ta fara bin ruwan tana barin fulogi. Ya ce, “Kada ku ce mai ya yi ɓarna. Ku ce bakanike ya yaba wankin, ya ce dai cikin a bar mai, nashi rabon ne.” Ku ma da kuke karantawa, don Allah wadda ta gan shi kada ta tsokane shi.

Bai kwance fulogin nan da nan ba. Ya ce in ya cire shi ruwan zai gangara cikin inji. Ya naɗa tsumma a sukundireba ya tsane ramin, ya sa famfon ba taya iska ya hure sauran, ya sake tsanewa, har tsumman ya fito a bushe. Sannan ya fito da fulogin ya goge ya duba bakinsa, ya ce da sauransa, ya mayar. Ya busar da ɗaya ramin mai danshi shi ma. Aka tayar. Rawar ta ragu, amma ba ta tafi duka ba.

Ni na karaya. Shi ko a jikinsa. Ya kashe, ya ɗauki koyil na uku ya kai gida na ɗaya, na ɗaya ya kawo shi na uku. Na ce, “Malam, me ya sa?”

Ya ce, “Inna, in tuwo ya ƙi dahuwa, ba ki san ko tukunya ce ko murhu ba, mi za ki yi?”

Na ce in ɗora tukunyar a wani murhun.

“Shi nika yi.”

Aka sake tayarwa, ya duba wayar. Ciwon ya tashi daga gida na uku ya koma na ɗaya. Ya bi koyil ɗin ke nan. Ya zaro shi ya lanƙwasa bakin robar, sai ga tsaga siririya da wani farin layi inda wuta ta riƙa tsallakewa. Ya ce robar dama ta tsufa, ruwan ne ya ƙarasa ta. Ya laluba jakarsa ya fito da wani, ba sabo ba, amma ya ce ya gwada shi da hannunsa. Tun a waya da ya ji irin motar ya jefo shi cikin jaka.

Da aka tayar a karo na uku, sai injin ya kwanta. Tabarmar da muke riƙe ta daina karkarwa a inda ta taɓa motar. Ya goge abin da na'urar ta rubuta, fitilar ta mutu ɗungurum. Sahabi ya ce yau ya ga abin da bai taɓa gani ba.

Malam Attahiru ya ce, “Kada ka yi murna da yawa. Tsohon ƙorahinta na nan, wani abu ne can wajen salansa, za ta sake kunnuwa tsaye cikin kwanakin ga. Wannan ba na gaggawa ba ne, amma ka kawo ta. Don ka saba ganinta kunne shi ya sa yau ka so ka taka. Yanzu ku tashi. Ina bayanku har Shagari, in kun ga na ɗaga hannu ku wuce, kada ku tsaya sallama.”

Sahabi ya sa hannu a aljihu, Malam Attahiru ya ce masa ba yanzu ba, ai ya san inda garejin yake. Muka yi wa mai fura godiya, na bar mata kwalbar man shanun, ta ƙi, na ajiye na shiga mota. Duk tsawon hanyar in na waiga ina hango shi cikin ruwan, ya sunkuyar da kai, yana biye da mu. A Shagari ya matso kusa da tagar Sahabi, ya kasa kunne ga injin, ya ɗaga hannu ya karkata ya shige gari. Ban sake ganinsa ba har yau. Kullum na idar da salla yana cikin waɗanda nake ambata.

Ba mu biya gida ba, asibiti muka wuce da gero da nono da zabi. Malamar da ta auna ta ta sake aunawa, sannan ta kira wata. Suka ce jininta ya hau sosai, aka ba ta gado nan take, aka sa mata allura. Babbar cikinsu ta tambaye ni daga ina muke, na faɗa mata. Ta ce, “Kun kyauta da ba ku ƙara kwana ba.” Na fita baranda na zauna a ƙasa. Daga baya muka ji mashigin ya cika tun kafin azahar, ya kwana biyu ba mota.

Sun riƙe ta a can har ta sauka. Ta sha wuya, amma ta tashi, kumburin ya saɓe, yanzu tana ɗakina tana wankan jego tana cin tuwo kamar mai huce haushi. Namiji aka samu. Baƙi ne siririn hanci, mai kuka kamar an aiko shi. Na dube shi da kyau na ce wannan mijin nawa bai zo da ko goro ba, ga tsiwa, amma na karɓa. Masu tambaya, ƙofa a buɗe take. Ku zo ku ga angon, sai dai ku zo da hantsi, don in ya yi barci ba na tashinsa saboda kowa.